Juma'ar da Aka Bar wa Jan-baki

Tun da na dawo daga Garin Bako ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin kasuwa sai wani ya ce, "Malam Ishaya, yaya baƙon naka?" Wani ya ce ya ji na faɗa taɓo, wani ya ce a'a, tsuntsu ne ya koro ni. Alhaji Sule mai taya har ƙarawa ya yi da cewa an gan ni ina gudu ba hula. To ga labarin nan gaba ɗaya, in faɗa sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni Kirista ne, Bahaushe, haifaffen Garin Bako, wani ɗan ƙauye a tsakiyar fadama bayan Kirikasamma. Koyarwa ce ta kawo ni Haɗeja, a nan na yi ritaya, abokan zamana kuwa kusan duk Musulmi ne, suna tsokanata da "Fasto" alhali ko kusa ban taɓa zama ba. Dattijo ne kawai a cocinmu. Dattijantakar ce ta jawo mini, domin da aka turo mana wani mai bishara daga Kano yana son kai taron wa'azin farkawa ƙauyukan fadama, fastonmu ya duba hagu ya duba dama bai ga wanda ya san hanya ba sai ni.

Sunansa Filibus. Matashi ne dogo mai murya kamar ya haɗiyi lasifika. A birni aka haife shi, a birni ya girma, shinkafa kuwa a faranti ya san ta. Zan faɗi gaskiyarsa tun yanzu don kada a ce na zalunce shi: ba macuci ba ne, duk abin da yake faɗa ya yarda da shi har zuciya. Da macuci ne ma da abin ya zo da sauƙi, don macuci yana jin magana in aka nuna masa inda zai yi asara. Shi wannan duk abin da ya gani a hanya sai ya samo masa aya, duk ayar da ya ɗauko kuma sai ya yanke mata kai da ƙafa ya riƙe tsakiyar.

Ranar Laraba da safe muka haɗu a tasha. Ya zo da janareto, da lasifika biyu, da kwat, da fararen takalma sau-ciki. Na ce ya sayi silifas na roba, ƙarshen damina ne, ruwa bai janye ba. Ya yi murmushi irin na mai tausaya wa tsoho, ya ce Littafi ya yabi ƙafafun masu kai bishara, ba zai kai su gaban jama'a cikin roba ba. Muka hau a-kori-kura tare da mata masu sarin kifi da buhunan gishiri da wata akuya da ta ƙi jinin kwat ɗinsa tun daga tasha.

A wani shinge kafin Kirikasamma jami'an tsaro suka leƙo suka tambayi abin da ke cikin manyan kwalayen nan. Tambaya ce da ake amsawa da kalma ɗaya a wuce. Filibus ya miƙe a bayan mota ya ce makaman yaƙi ne, amma na ruhu. Ƙarshen maganar iska ta tafi da shi. Aka sauke mu kaf, har akuyar, aka kwance kowane ƙulli a gefen titi cikin rana. Ban ga laifinsu ba, ni ma da haka zan yi. Wata mai sarin kifi ta dube ni ta ce, "Baba, in ɗanka ne ka kai shi a duba shi." Na ce ba ɗana ba ne, kuma ban taɓa jin daɗin faɗin gaskiya kamar ranar ba.

Masu tambaya ko mun tsallaka iyaka, mun tsallaka, sai dai ba irin wadda ake buga hatimi ba. Iyakarmu ita ce inda mota take tsayawa ruwa ya karɓa. A nan muka sami Ba Modu, wani tsohon Babarbare mai kwalekwale, wanda ya san ni tun ina yawo ba wando. Tsakanin tudu da jirgin akwai taɓo, kowa ya tuɓe takalmi ya naɗe wando. Filibus ya ce shi da bangaskiya yake tafiya. Taɓon ya karɓi takalmin dama, ya ɗan yi tunani, ya karɓi na hagu. Muka yi lalube muka samo ɗaya, ɗayan yana can har yanzu.

Hanyar ruwan duk kachalla ce, wannan doguwar ciyawa da ta toshe mana magudanai ta cinye gonaki. Ba Modu yana tura jirgi da gora ta wata siririyar kafa, ciyawar ta fi tsawonmu ta kowane gefe. Da rana ta karkata sai muka ji wani gunji, sama ta yi duhu ta gefe ɗaya. Jan-baki ne suka taso daga kachalla, waɗannan ƙananan tsuntsaye da ba sa zuwa sai da rundunarsu, suna murɗawa a sama kamar hayaƙin gobara. Duk wanda ya taɓa noma a fadama in ya ga haka ya san masifa ce ta taso. Filibus kuwa tafi ya kama yi. Ya ce ga wa'azinsa nan Ubangiji ya aiko masa, ga tsuntsayen da aka ce mu duba, ba sa shuka ba sa girbi amma ana ciyar da su. Ba Modu ya tofar da yawu a ruwa ya ce, "Shuka dai ba sa yi. Girbi kam sun riga kowa."

A gidan yayata Saratu muka sauka. Ita ce ta goya ni. Mijinta Bitrus ya rasu, 'ya'yanta suna birni, ita kaɗai take riƙe da gonar shinkafarsu, kuma ita ce shugabar zumuntar mata a cocin ƙauyen. Ba ta yi makaranta ba, amma tana girmama Littafi Mai Tsarki yadda ko ɗora wani abu a kansa ba ta bari a yi. Ta share wa baƙo ɗakin marigayi, ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka da bandar tarwaɗa. Ya nemi cokali, aka yi ta bincike aka kawo masa ludayi. Ta ɗaura masa gidan sauro ya ce a cire, an yi masa alkawari annoba ba za ta kusanci mazauninsa ba. Da gari ya waye fuskarsa ta nuna cewa sauron Garin Bako bai sami labarin alkawarin ba.

Sai in yi muku bayanin yadda ake zama a can, don ku mutanen gari ba ku sani ba. Idan shinkafa ta fitar da kai, ƙwayarta tana ruwa-ruwa kamar nono, babu mai lokacin kansa. Kowace gona da rumfar gadi a kan dogayen sanduna, an ja igiyoyi daga rumfar zuwa sassan gonar an rataya musu gwangwanaye da tsofaffin ledoji. Mai gadi yana sama, hannu ɗaya a igiya, ɗaya a majaujawa da curin laka, baki yana ihu. Nan Haɗeja in kana gaisawa da mutum ya juya maka baya, an yi gaba ke nan. Can kuwa kana tsakiyar tambayar iyali zai juya ya kurma ihu ya jefa laka, sannan ya dawo ya ce lafiya lau, babu mai jin haushi. Tsuntsun yana ci da safe da yamma, da tsakar rana ya koma kachalla ya huta. A wannan ɗan tsakanin ne kawai ake cin abinci, ake suna, ake sasanta rigima.

Garin rabi mu ne, rabi Musulmi. Masallacin Juma'a yana wani gari, sai an shiga jirgi, kuma ranar ce kasuwar can, don haka mazansu ba sa dawowa sai bayan la'asar. Tun zamanin iyayenmu aka yi shiri: ranar Juma'a da yamma Kirista su haɗa igiyoyin Musulmi da nasu su yi gadin duka, ranar Lahadi da safe Musulmi su rama mana mu je sujada. Babu wanda ya rantse a kai, kuma ban taɓa jin an saɓa ba. Gonar Yaya tana bayan ta Malam Garba, aminin mijinta, dattijon da 'ya'yansa duk mata ne sun yi aure nesa. Tasa ce ta farko a bakin kachalla, nan tsuntsu yake fara sauka. Igiyar Malam Garba ta Juma'a a da Bitrus ne yake riƙewa, da ya rasu Yaya ta karɓa.

Dattawan coci sun yarda a yi taron daga Alhamis zuwa Lahadi, amma da tsakar rana kawai. Ranar Alhamis an tashi a kan lokaci, sai dai da Filibus ya ji dalilin tashin ya murtuke fuska. Ya ja ni gefe ya ce ashe mutanena sun ɗaure kansu a karkiya ɗaya da marasa bi, abin da aka hana ƙarara. Na ce masa a zauna. Na ce maganar karkiyar nan a kan haɗa sujada da gumaka aka yi ta, ba a kan igiyar korar tsuntsu ba. Ayar tsuntsayen kuma damuwa take hanawa, irin wadda take hana mutum barci tana cin zuciyarsa, ba ta hana aiki ba, ai tsuntsayen kansu suna riga kowa tashi nema. Na tuna masa Ubangijin da ya faɗi wannan shi ne ya ce in dabbarka ta faɗa rami ranar hutu ka ciro ta, shi ne ya ce i ɗinka ta zama i. Na tuna masa labarin matafiyin da 'yan fashi suka yasar, inda masu sauri zuwa ibada suka ratse suka wuce, bare ya tsaya. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya dafa kafaɗata ya ce na daɗe a cikinsu, gishirina ya sane, zai sa ni a addu'a. Yaron da na isa in haifa.

Ranar Juma'a da hantsi Musulmi suka sauko daga rumfuna suka shiga jirage. Malam Garba ya biyo ta ƙofar gida cikin farar riga ya yi sallama, ya ce wa Yaya igiyar gabas ta ɗan yi sako-sako, ta ja ta da lura. Ta ce ya tafi abinsa, ya sa mu a addu'a.

Aka shiga coci, aka tada janareto. Cocin ɗaki ɗaya ne da ko raɗa ka yi na baya zai ji, amma sai da aka kafa lasifika biyu. Aka yi waƙa, aka yi wa'azi, aka sake waƙa. Da inuwa ta fara tsawo Yaya ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta, mata suka miƙe bayanta, maza suka fara laluben huluna.

"Mama, ina zuwa?" in ji Filibus ta makirfo.

Ta ce gadi, yau Juma'a.

Nan ya buɗe wuta. Ya kawo labarin 'yan'uwan nan biyu, Marta da ta shagala da hidima da Maryamu da ta zauna tana sauraro, ya ce yau za a ga wace ce Marta a Garin Bako. Ya ce a fara neman Mulkin Allah sauran abubuwa su biyo baya. Ya ce shi ya riga ya ɗaure tsuntsayen da addu'a, babu wanda zai sauka muddin ana cikin taro, amma duk wanda ya taka ƙofar nan ya kwance ɗaurin da rashin bangaskiyarsa, asarar kowa tana wuyansa. Ya ɗaga Littafin sama yana bubbuga shi. Na ga Yaya ta tsaya tsakanin benci da ƙofa, tana duban Littafin tana duban waje. Sai ta juyo wajena.

"Ishaya, kai ka yi karatu. Haka aka rubuta?"

Na ce, "Kalmomin suna nan, Yaya, amma..."

"Kun ji daga bakin dattijo, suna nan," in ji Filibus, lasifika biyu suka haɗiye sauran maganata. Na ɗaga murya, aka ɗauki waƙa. Yaya ta koma ta zauna a hankali, hannunta a kan gwiwa. Da ta zauna kowa ya zauna, don a garin nan in Saratu ta zauna magana ta ƙare.

Ni na fita. Zancen gudu ba hula gaskiya ne, Alhaji Sule, hular tana cikin wata kwata. Zancen taɓo ma gaskiya ne. Na hau rumfar Malam Garba da gwiwoyin nan nawa da ko matakalar banki ba sa so. Rabona da majaujawa tun ina yaro, jifan farko a kunnena ya sauka. Sannan tsuntsayen suka zo. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, sai dai in ce gonar kore ce, na ɗaga kai na sauke ta koma ruwan ƙasa tana motsi. In na ja igiyar gabas su tashi su sauka yamma, in na ja ta yamma su koma gabas. Aikin na mutane da yawa ne a jere, kowa yana karɓar ihun ɗan'uwansa, ni kuwa tsoho ɗaya ne. Na yi ihu har muryata ta dushe, daga coci kuma ina jiyo ana ɗaure tsuntsaye da ƙarfi.

Abin da ya rufe bakin Filibus ba hujjata ba ce, man janareto ne ya ƙare. Da ƙarar ta mutu sai suka jiyo gunjin. Suka fito a guje, Yaya a gaba ba ɗankwali. Kafin a kore tsuntsayen, sun gama da gonar Malam Garba sun fara taɓa bakin tata. Sauran gonaki an ɗan yi ɓarna, amma tasa ita ta tare wa kowa. Zangarniyar tana tsaye kamar lafiya, in ka murza sai ƙaiƙayi.

Bayan la'asar jirage suka dawo. Malam Garba ya zo da ƙullin goro a hannu, ya tsaya a kan kunyar gonarsa ya daɗe yana kallo. Ya murza zangarniya ɗaya, ya hure tafin hannunsa, ya yi salati ya juya gida. Bai tambayi kowa komai ba. Ranar Asabar garin ya yi tsit, na ga waɗansu Musulmi suna kwance igiyoyinsu daga rumfunan mutanenmu. Ni dai haushi ya hana ni cin abinci. Filibus kuwa fuskarsa har sheƙi take. Ya zagaya ya gani da idonsa, ya dawo ya ce in duba ikon Allah: an bambanta gonar mai bi da ta marar bi kamar yadda aka yi a ƙasar Masar. Na ce masa wannan ba bambanci ba ne, layi ne, wadda take gaba aka fara ci. Ya ce zai ƙara sa ni a addu'a.

Ranar Lahadi da sassafe Yaya ta ce ba za ta coci ba, babu mai hawa mata rumfa yau, kuma ba ta da bakin nema. Ta ɗauki majaujawa, na bi ta. Tun daga nesa muka jiyo gwangwanayenta suna kaɗawa. Malam Garba ne a kan rumfarta, ya naɗe hannun riga yana jan igiya. Ta durƙusa a kan kunya ta gaishe shi, kanta a ƙasa. Ya juya ya kurma wa tsuntsu ihu, ya jefa laka, sannan ya amsa.

Ta ce, "Malam, ni ce na..."

Ya ce, "Yau Lahadi, Saratu. Je ki wajen ibadarki. Ni yanzu ba ni da abin gadi."

Ta tashi ta tafi cocin, na bi ta. An samo mai, janareto ya farfaɗo. Filibus ya yi wa'azin rufewa a kan babbar alamar da aka gani, sannan ya ce Mama Saratu ta fito ta ba da shaidar yadda aka tsare mata gona don ta zaɓi rabo mai kyau irin na Maryamu. Ya miƙa mata makirfo, ta ƙi karɓa, ta yi magana da bakinta kowa ya ji.

"Ni ban iya karatu ba. Abin da na sani, mutum ya bar mini igiyarsa na zauna tsuntsu ya cinye masa abincin shekara. Yanzu haka da nake tsaye a nan yana kan rumfata yana kore mini. Ɗana, in akwai ayar wannan, karanta mana."

Ya hau buɗe shafuka. Akwai ta mana, ba ɗaya ba ma, sai dai ba sa cikin waɗanda ya ja wa layi da jan biro. Yana cikin nema ta kama hanyar ƙofa, matan zumunta suka bi ta, maza suka ɗauki huluna. Aka bar ni da shi da janareto.

Litinin muka juyo, shi sanye da silifas ɗin marigayi Bitrus. Kafin mu fito Yaya ta ce mini shinkafar bana ta gida biyu ce, ta faɗa wa Malam Garba, ya ce a bari ta nuna tukuna. Ko sauran za su mayar da igiyoyinsu kafin Juma'a mai zuwa, ban sani ba, dattawa suna ta zirga-zirga. A cikin jirgi Filibus ya ce shi ya yi nasa, iri ne ya faɗa a kan dutse, kuma baɗi yana so in kai shi wajen Birniwa. Na ce masa gwiwata ba za ta warke ba kafin baɗi.

Ba Modu ya bi da mu ta gefen gonakin. Yaya tana kan rumfarta. Malam Garba yana kan tasa, a tsakiyar gonar da babu komai cikinta, ya kwance igiyoyinsa duka ya ja su zuwa cikin shinkafar Yaya. Filibus ya miƙe a jirgi yana ɗaga masa hannu yana sa masa albarka. Malam Garba bai ɗaga ba, hannuwansa biyu suna kan igiya.